Direban Akori-kura Ba Ya Ba Da Rasit

 Wannan makon kan haraji zan yi magana, don Allah kar a gudu.

Ba kowane kuɗi da mai gidanka ya ba ka ne albashi ba. Tsohuwar dokar harajin kuɗin shigar mutum ta Najeriya, ta 1993 wadda aka yi wa gyara a 2011, ta raba su gida biyu. Akwai abin da ke ƙara maka arziki: albashi, alawus, garaɓasa. Wannan ana cire masa haraji. Akwai kuma abin da ka kashe wajen yi wa mai gida aikinsa aka mayar maka, ba ka ci ribar ko sisi ba. Wannan ba ruwan gwamnati da shi. Har ma dokar ta ambaci kuɗin kwashe kaya, muddin bai wuce hankali ba, idan canjin aiki ya tilasta maka canza gida.

A takarda abin ya yi kyau. Amma ku zo mu je Rogo.

A 2022 kamfanin da nake wa aiki ya ɗauke ni daga Ƙaraye ya mayar da ni can. A taswira maƙwabta ne, ɗan majalisar tarayya ɗaya ma ke wakiltar su, shi ya sa wanda ke zaune a ofis cikin Kano yake ganin ai ba tafiya ba ce. Mai iyali ya san tafiya ce. Na ɗauki akori-kura, sahu biyu. Na biya 'yan dako a ɗora, na biya wasu a sauke. Na yi kwanaki ina haya a ɗakin wani kafin in samu gida, ga kuma dillali. Madubin uwargida ya fashe a hanya, wannan kam har yau ba a gama shari'arsa ba.

Kamfani bai hana ni ba, ya ba ni naira dubu 100. Sai dai akanta ya zuba ta cikin albashin watan, ya kira ta alawus. Da ta shiga wannan layin, sai lissafi ya hau kanta: aka yafe kashi 20 cikin 100 kamar yadda doka ta ce a lokacin, ragowar dubu 80 aka cire mata kashi 15, matakin da nake kai. Dubu 12 ta tafi Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kano, a kan kuɗin da tuni direba da 'yan dako suka kashe a gidajensu.

Na je na same shi. "Ranka ya daɗe, ai wannan ba riba ba ce, aljihuna aka mayar mini." Ya ce, "Malam, kawo rasit." Kuma gaskiyarsa ce, domin idan masu binciken haraji suka zo ba ni za su kama ba, kamfani za su kama.

To a nan gizo ke saƙar. Wa zai ba ka rasit a tashar Ƙaraye? Direban ya karɓi kuɗinsa, ya ce Allah ya sa alheri, ya ja mota. Dokar ta ɗauka kowa otal yake sauka, kowa kamfanin jigila yake kira. Manajan da aka kai Abuja yana da takardu cike da jaka, kuɗinsa ya fita cif. Ƙaramin ma'aikacin da aka tura ƙauye, wanda ya fi jin zafin dubu 12, shi ne ba shi da shaida. A ganina tsarin aikin gwamnati ya fi tausayi a nan, inda aka yanka wa wanda aka canza wa wurin aiki kuɗin kwana 28 a madadin masauki, in dai an biya shi.

Ba mu kaɗai ke fama ba. A Ingila an sa iyaka, fam 8,000 na kuɗin ƙaura ba haraji. A Amurka kuwa a 2018 suka mayar da shi kamar albashi, sai dai ga sojoji. Mu nan sabuwar dokar haraji ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe wa kowa naira dubu 800 ta farko a shekara, ta kuma kawo rangwamen kashi 20 na kuɗin haya, iyakarsa dubu 500. Shi ma rangwamen sai ka nuna ka biya. Masu gidajen haya nawa ne a Rogo ke rubuta takarda?

Da aka canza wa wani abokin aikina wuri bayana, na sa ya sayi ɗan littafin rasit a kasuwa. Ya rubuta kwanan wata da lambar mota da adadin kuɗi, direba ya dangwala yatsa. Kuma duk inda ya samu dama ta waya ya tura kuɗin, don saƙon banki ya zama shaida. Ya nemi a biya shi daban, ba cikin albashi ba. Akanta ya juya takardar gaba da baya, ya tambayi ko yatsan waye wannan, sannan ya sa hannu.