Marakana Ta Ajegunle, Maƙerar Zuciyar 'Yan Ƙwallo

Duk wanda ya sauka a kasuwar Boundary da ke bakin Ajegunle a birnin Ikko, abin da zai fara tarbarsa shi ne cinkoson jama'a da ihun yaran mota. Unguwa ce ta talakawa a ƙaramar hukumar Ajeromi-Ifelodun, maƙwabciyar tashar jiragen ruwa ta Apapa, inda ƙabilu iri-iri ke zaune a gida guda, ɗaki na kallon ɗaki.

Can a shiyyar Tolu, kusa da makarantun gwamnati, akwai wani filin ƙwallo wanda mutanen unguwa suka laƙaba wa suna Marakana, wato sunan shahararren filin nan na ƙasar Burazil. Shekara da shekaru babu komai a cikinsa sai rairayi, da damina kuwa taɓo, kafin daga baya a gyara shi a shimfiɗa masa ciyawar roba.

Ba gwaninta ce kawai yaro yake koyo a irin wannan fili ba. Ƙaramin yaro yakan shiga cikin waɗanda suka girme shi, a ture shi ya faɗi, ya tashi ya kaɗe jikinsa, domin in ya tsaya kuka akwai goma a bakin fili masu jiran gurbinsa. In ya ɓarar da ƙwallo a gaban raga, 'yan kallo za su yi masa ele har ƙofar gidansu, gobe kuma dole ya dawo ya fuskance su. Wanda ya saba da wannan, da wuya ihun baƙin 'yan kallo ya karya masa gwiwa.

Daga wannan unguwa Samson Siasia ya fito, haka kuma Jonathan Akpoborie, wanda ya ci ƙwallo lokacin da yaran Nijeriya suka doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a ƙasar Sin cikin 1985, suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16.

Amma labarin Odion Ighalo ya fi dacewa da wannan batu. Shi da kansa ya sha faɗin yadda 'yan sanda kan biyo masu sayar da tabar wiwi ta tsakiyar filin, yara su kwanta ƙasa in sun ji harbi, ƙura na lafawa su ci gaba da wasa. To, duk da wannan horo, zuciyarsa ta kusa karaya a 2018, sa'ad da ya ɓarar da dama a karawar da Ajantina ta fitar da Nijeriya daga gasar kofin duniya a Rasha. Wasu marasa tunani suka yi barazanar halaka shi da iyalinsa, har ya yi niyyar daina yi wa ƙasa wasa.

A nan ne ake ganin abin da taurin fili kaɗai ba ya bayarwa, wato babba wanda zai dafa kafaɗar mutum ranar da ya yi kuskure. Mai horar da 'yan wasan ƙasa na lokacin, Gernot Rohr, ya lallashe shi, ya kuma ci gaba da sa shi a wasa. Da aka je gasar kofin Afirka a Masar cikin 2019, Ighalo ya fi kowa cin ƙwallo, guda 5, ciki har da wadda ta ba Nijeriya matsayi na uku a kan Tunisiya.