Na Bar Jaki Ina Dukan Taiki

Bindigar wasan eyasof ba ta da albarushi. Iska take turawa ta cilla ƙwayar roba mai faɗin milimita 6. A Japan aka faro wasan, inda doka ta tsaurara mallakar bindigar gaske, kuma a 1991 kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai aiki da batir, samfurin FAMAS. Yawancin bindigogin lantarkin da muke wasa da su a filayen Ingila, inda nake zaune, bisa wannan tsari aka ƙera su. Idan ka ja kunama, moto ya juya giya uku, giyar ƙarshe ta ja fistin baya ta danne sifirin, sannan ta sake shi. Fistin ya ruga gaba cikin silinda, iskar ta bi ta nozul ta tura ƙwayar cikin bututu.

Tawa samfurin M4 ce, kuma lafiyarta ƙalau lokacin da na kwance ta. Kwaɗayin sauri ne ya ja ni. A zama ɗaya na cire giyar asali mai 18:1 na sa mai 13:1, na canja moto, na sa nozul na ƙarfe, na sa matsattsen bututu mai milimita 6.03, na sa sabon sifirin M100, na ɗaura mata batirin lifo mai bolt 11.1. Ban auna ƙarfinta kafin in taɓa ta ba. Tsofaffin kayan kuwa na zuba su cikin leda ɗaya na jefa a lungu.

Da na gwada, sauri kam ya samu, amma ƙwayar ba ta zuwa ko'ina. Wata ta yi nisa kaɗan, wata ta faɗi kusa, kowace da inda ta nufa. A fili aka ɗora ta kan na'urar auna gudu, sai ga ta ƙasa da ƙafa 250 a daƙiƙa, alhali M100 ya kamata ya ba da kusan 330 da ƙwaya mai nauyin giram 0.20. Lambar da ke jikin sifirin ƙiyasin gudun ƙwayar ne a mita, wato mita 100 a daƙiƙa.

Nan take na yanke hukunci cewa sifirin ɗin jabu ne. Na rubuta wa mai shagon da ya sayar mini saƙo mai zafi, na ce ya cuce ni. Ya amsa cikin ladabi, ya ce in duba ko iska na zuba, ni kuwa na ɗauki maganar tasa a matsayin kame-kame. Na sayo M120 a wani wurin na ɗura. Gudun ya ɗan ɗaga, bai kai inda ake so ba, moto ya fara zafi har mariƙin na ƙona tafin hannu, batir kuma ba ya jimawa. Ga shi giyabos, wato akwatin da giyoyin ke ciki, irin na M4 an san shi da tsagewa ta gaba idan sifirin mai ƙarfi ya daɗe yana dukansa, musamman lokacin sanyi.

Wani abokin yayana, makaniken injinan masana'anta da ke garinmu, shi ya warware mini. Tambayarsa ta farko ita ce, “Ƙanena, kafin ka buɗe ta nawa take bugawa?” Na ce, “Yaya, ban auna ba.” Ya ce, “To cikin kayan nan wanne ka fara sawa?” Na ce duk tare na sa. Bai ce komai ba, ya miƙo hannu na ba shi sukurudireba.

Ya zaro silinda da fistin, ya toshe bakin da yatsa, ya danna fistin da ƙarfi. Fistin ya tafi kaɗan ya turje, alamar zoben robar da ke kansa yana riƙe iska. Ya ɗora nozul ya sake, nan ma ya turje. Sai ya haɗa bindigar, ya cire ma'ajin ƙwaya, ya kifar da ita, ya yago ɗan guntun tishu ya ɗora kan ramin da ƙwaya ke shiga, ya ce in ja kunama. Tishun ya yi sama ya faɗi ƙasa. Iskar da ya kamata ta bi bayan ƙwaya ta nan take tserewa.

Ya sa na ɗauko ledar tsofaffin kayan. Ya jera nozul biyu a kan tebur, na asali na roba da nawa na ƙarfe, ya auna su. Sabon ya gaza tsohon tsayi da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Wannan ɗan giɓin ya hana bakinsa manne wa leɓen robar nan da ke bakin bututu, wadda ke murza ƙwaya ta riƙa juyawa baya don ta yi nisa. Kamfanoni ba su daidaita tsawon nozul ba, ko da an rubuta M4 a kwalin duka biyun. Sifirin da na zarga bai da laifin komai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali bayan nan ya zo. Mun mayar da tsohon nozul, M120 na ciki, muka auna da na'urarsa, sai gudun ya haura ƙafa 390. Ƙwaya mai giram 0.20 da ke gudun mita 120 a daƙiƙa tana ɗauke da jul 1.44. Dokar da Birtaniya ta yi a 2017 ta ce bindigar eyasof mai ɓarin wuta irin tawa ba za ta wuce jul 1.3 ba, mai harbi ɗai-ɗai kuma 2.5. Wadda ta haura, ta fita daga sassaucin da doka ta yi wa kayan wasa. Yawancin filaye ma a ƙafa 350 suke tsayawa. Da a ce yoyon ya toshe kansa ina tsakiyar wasa, da fuskar wani ce za ta biya kuɗin gangancina, kuma cikin waɗanda muke wasa tare har da samari ƙanana.

A daren muka cire M120 muka mayar da M100. Makaniken ya kuma gargaɗe ni cewa giya mai 13:1 da batir mai bolt 11.1 sun fi ƙarfin sifirin mai laushi: giyar za ta zagayo ta cafki fistin kafin ya gama komawa gaba, ta kakkarya masa haƙora. Na koma batir mai 7.4. Kukan da moto ke yi kuwa, ɗan notin da ke ƙasan mariƙi ya murza a hankali har ƙarar ta kwanta.

Washegari na rubuta wa mai shagon na ba shi haƙuri, na faɗa masa gaskiyarsa ce tun farko, kuma na nemi ya yafe mini kalmar cuta da na jefe shi da ita.

Ɗan'uwa da ke Birtaniya kana riƙe da bindiga mai ɓarin wuta, idan ka canja mata sifirin ko ka toshe mata wani yoyo, don Allah kada ka auna kowa da ita sai ka ɗora ta kan na'urar auna gudu ka ga lambar da idonka.