Daga Kano Zuwa Guangzhou: Wasiƙa Ga Ƙanena



Na samu saƙonka cewa za ka zo baje kolin Canton na watan Oktoba, har ka tsara ka sauka, washegari da sassafe ka faɗa kasuwa. Ƙanena, don Allah ka sake lissafi.

Babu jirgin da zai ɗauko ka daga filin Malam Aminu Kano ya dire ka nan kai tsaye. Ta Addis Ababa yawancin mutanenmu ke biyowa. Kano zuwa can kilomita 3,300 ne da ɗoriya, awa 4 zuwa 5 a sama. Daga nan ne aikin yake: kusan kilomita 8,000 zuwa filin Baiyun na Guangzhou, awa 10 ko fiye kana ɗaure a kujera ɗaya. Ka haɗa da zaman jira a filin Bole na Addis Ababa, da layin shige da fice, za ka ga yini da dare sun kusa tafiya.

Abin da ke ruɗa baƙi shi ne agogo. Lokacin da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne, ba na Kano ba, kuma nan muna gabanku da awa 7. Sanda kuke kiran Magariba, mu dare ya raba. Tunda gabas ake fuskanta, daren cikin jirgi gajere ne ƙwarai. Kana gyangyaɗi za ka ga haske ya keto ta taga. Ka riƙe alwalarka tun daga Bole saboda Asuba, sallolin masu raka'a huɗu kuma ka yi ƙasaru, matafiyi ne kai.

Jiki ba ya bin agogon hannu nan take. Na sha ganin 'yan uwa a unguwar Xiaobei, ido jajur, ƙafa a kumbure, suna ciniki da rana tsaka alhali jikinsu na cewa yanzu gari ke wayewa. A irin wannan hali mutum ke amincewa da farashin da bai fahimta ba, ko ya biya kuɗin kaya bai buɗe kwali ya duba ba. Kuɗin da ka tara da gumi a Kantin Kwari ya fi ƙarfin haka, kuma ba na so in ga ya salwanta saboda barci.

Komawa ma takan ɗan fi tsawo, domin iskar sama daga yamma take kaɗawa, jirgi na gaba da ita.

Saboda haka ka sa a yanka maka tikitin da zai sauke ka kwana biyu kafin buɗe baje kolin. Ka nemi kujerar bakin hanya don ka riƙa miƙe ƙafa, ka yawaita shan ruwa. Da tikitin ya fito ka turo min lambar jirgin, zan tarye ka a Baiyun in sha Allah.

Ka gaida Inna, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Naka,
Yayanka