Katin da na goge

Yau ba kukan hanya na kawo ba, ba kuma farashin albasa ba. Wani abu ne na aikata da hannuna cikin gidana, ya daɗe yana cina, kuma na san akwai iyaye da kawunnai da yawa da ke dab da yin irinsa.

Ɗan ƙanwata ne ke zaune wurina. Ƙauyensu na can cikin duwatsu wajen Garhanga, nesa da kolej, shi ya sa da ya samu shiga sizyem anka kawo mini shi nan Madawa. Ubansa yana Libiya, shekara uku ke nan bai zo ba. Da farko yana kira, yana aiko ɗan abin da ya samu. Shi ne ma ya aiko wa yaron waya ta hannun wani da ya dawo, wata tsohuwa mai tsagaggen gilashi, da kart memwar a ciki. Daga baya kiran ya ragu, sannan ya ɗauke ɗif. Lokacin da wanga abu ya faru, wata bakwai ba wanda ya ji ɗuriyarsa.

Yaro ne marar surutu, ba ya ƙin aike, ba ya wasa da salla. Cutarsa guda ce, desan anime na Japan, wanda su ke ce ma manga. Duk dala ashirin da ta shiga hannunsa, wurin masu tura fim ta ke ƙarewa. Naruto, One Piece, da wani na yaro mai takobi da ke goye da ƙanwarsa cikin akwati. Da dare sai ka ga haske ƙarƙashin bargo. Da rana shi da abokansa sun yanke gwangwanin tumatir sun ɗaura a goshi da tsumma, suna gudu hannuwa a baya kamar zabin da anka kora. Na yi faɗa, na yi nasiha, duk a banza.

Abu biyu sunka haɗu cikin sati guda. Bilten ya fito, mwayen ɗinsa 7 bisa 20. Bayan kwana uku maƙwabcina ya yi sallama riƙe da hannun ɗansa, jini na zuba a gefen ido. Wai faɗan samurai suke yi da karan dawa, tsinin kara ya same shi. Kaɗan ya rage idon ya tafi. Ni na kai shi likita, ni na biya, ni na sha kunya.

A taron iyaye na lakwal ma maganar ta taso. Wani dattijo ya miƙe ya ce Japan ta gama da ɗiyanmu. Wani mushe ya yi dariya ya ce, Alhaji, wanga tsari na zaɓen ƴan COGES da kuka sani a makarantun firamare, da taimakon Japan ɗin ya tsaya da ƙafarsa, ta shirin École Pour Tous na hukumar JICA, wanda anka soma a nan jihar Tawa a 2004. Anka yi dariya, amma ni ban yi ba. Na riga na yanke abin da zan yi.

Bayan isha'i na ce ya kawo wayar. Ban tsaya buɗe komai ba, na shiga inda ake wanke kati na danna. Ko minti guda bai cika ba. Na miƙa masa na ce daga yau karatu.

Na zaci zai yi kuka ko ya yi fushi. Sai ya riƙe wayar yana dubawa, ya shiga nan ya fita can. Can ya ɗago kai ya ce, "Kawu, duka ka goge?"

Na ce duka.

Ya ce, "Har da Baba?"

Ashe duk vokal ɗin da ubansa ya taɓa aiko masa ta WhatsApp, ya kwashe su ya ajiye cikin katin, saboda wayar ba ta da wuri, kullum sai ya share wani abu kafin ta karɓi sabo. Sun fi talatin. Ashe hasken da nake gani ƙarƙashin bargo ba kullum ne fim ba.

Washegari tun da safe na tafi bakin tasha wurin masu gyaran waya. Na farko ya ce ba ya iyawa. Na biyu ya saka katin a kwamfuta, ya daɗe yana fama, ya fito da wasu hotuna rabi da rabi da waƙa biyu. Murya ko ɗaya ba ta dawo ba. Ya ce mini fim kam ba matsala, da jika guda zai cika mini katin har ya yi amai. Na tsaya ina kallonsa. Abin da na so in kashe ana sayar da shi kowace kusurwa, abin da na kashe kuma babu shi ko'ina a duniya. Uwar yaron ƙaramar waya gare ta, mai tocila, ba ta karɓar vokal.

A hanyar komawa gida ne na tuna abin da ya kamata in tuna tun kafin in taɓa katin: ni ma na yi wagga cutar.

Waɗanda sunka tashi nan garin wajen 2001 zuwa 2003 sun san gidajen bidiyo na zana, da benci, da grup yana ta ɓaɓatu a baya har ba ka jin magana sosai. Dala biyar ake shiga. Dare na manya ne, Indiya da Shinuwa. Mu yara namu da rana ne, ranar da babu lakwal. A can na fara ganin Dragon Ball Z a kaset, da Faransanci, hoto yana rawa saboda an kwafa an sake kwafa. Mu duk a wurinmu Shinuwa ne, ba mu san da wata Japan ba, balle mu san wani Akira Toriyama ne ya zana shi tun 1984. Sai da ya rasu ranar 1 ga Maris 2024, yana da shekara 68, na ga hotonsa karon farko, ina ganin ƙattin maza masu gemu daga Yamai har Abijan suna ta ta'aziyya kamar kawunsu ne ya tafi.

Yayyenmu kuma Goldorak ne nasu, ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai ƙaho, wanda Go Nagai ya ƙirƙira a 1975, ya shiga telen Faransa a 1978, daga can ya gangaro ƙasashenmu. Na taɓa ganin kaset ɗaya da wani ɗan ci-rani ya zo da shi. Mu faɗan muke jira, amma yanzu da na girma labarin ne ya fi tsaya mini. Actarus ɗan sarki ne, anka ƙone ƙasarsu, ya gudo wata duniya yana aikin kiwon dawaki a gonar wani, ba wanda ya san ko shi wane ne. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan babban gida daga Tamaske ko Karofane yana tura baro ko yana tallan shayi a bariki, ya san wanga labari ba sai an fassara masa ba.

A 2002 babana yana Abijan. Cikin watan Satumba rikici ya ɓarke a Kodibuwa, hanya ta yanke, wata da watanni ba wasiƙa ba saƙo. Innata ta daina cin abinci sosai. Ni kuma duk dala biyar da na samu, gidan bidiyo. A lokacin in ka tambaye ni zan ce Kamehameha nake so. Amma ku duba abin da nake kallo. Sangoku jarumi ne, ba musu, sai dai a matsayin uba ɗan ci-rani ne na gidi. Ya mutu, ya dawo, ya tafi wata duniya ya ƙi dawowa da wuri, ya sake mutuwa ya yi shekara bakwai. Ɗansa Sangohan wa ya riƙe shi? Piccolo, wanda a Faransanci sunka sa wa Petit Coeur, kore, marar fara'a, ba ya murmushi. Ya jefa yaro ɗan shekara huɗu cikin daji shi kaɗai wata shida don ya yi ƙarfi, amma da dare yana laɓe yana tsaronsa, har ya ajiye masa ɗiyan itace ya ɓace. Ranar da Nappa ya harbo wuta kan yaron, shi ya shiga tsakani ya mutu. Na ga wanga wuri ya fi sau biyar. Ina fita in share ido in ce hayaƙin grup ne.

Babana ya dawo lafiya, alhamdu lillahi. Shi ya sa na manta.

Da yamma na kira yaron na ba shi haƙuri. A wajenmu babba ba ya saba ba yaro haƙuri, kuma bakina ya yi nauyi, amma na faɗa. Ya ce ba komai Kawu. Wagga "ba komai" ta fi zagi ciwo. Don in samu abin cewa, na tambaye shi cikin duk fina-finan wanne ya fi so. Ya ce akwai epizod guda na Naruto. Na koma tasha na sa anka tura mana shi, munka zauna kan tabarma munka kalla tare.

Ga waɗanda ba su sani ba, Naruto maraya ne. Ranar da anka haife shi uwa da uba sunka mutu, bayan uban ya kulle wata dabba mai wutsiya tara cikin cikinsa don ya ceci gari. Ya tashi mutanen gari suna gudunsa, ba wanda ya gaya masa ɗan wane ne. Masashi Kishimoto ya soma zana shi a 1999, kuma fim ɗin kashi biyu ne, epizod 220 da 500, to kun ga inda dala ashirin ɗin ɗiyanmu ke tafiya. A wanda munka kalla, Naruto ya kai maƙura, zai ɓalle makullin ya saki dabbar, sai ga wani ya riƙe hannunsa. Ubansa ne. Ashe kafin ya mutu ya ajiye ɗan guntun kansa cikin makullin, don ranar da yaron zai fi bukatarsa ya fito ya yi masa magana sau ɗaya. Naruto ya fara kai masa naushi a ciki, sannan ya fashe da kuka yana tambayarsa don me. Uban ya ce ya yarda da shi, sannan ya ɓace.

Ban dubi yaron ba, shi ma bai dube ni ba. Na gane abin da katin nan yake a wurinsa, na kuma gane ko wane ne ni a cikin labarin.

Kada wani ya ce na zo ina wanke manga. Akwai abin ƙi a ciki, da yawa ma. Akwai masu jini kamar mahauta, akwai masu zanen mata da bai dace yaro ya gani ba, ko tsohon nan Tortue Géniale na Dragon Ball ɗan iska ne na ƙarshe, mun dai yi dariya ne don ba mu da wayo. Akwai ta da matattu da alloli barkatai, waɗanda dole babba ya zauna ya ce wa yaro wanga tatsuniya ce, kamar Gizo da Ƙoƙi. Masu tura fim kuma ba su tambayar shekara, abin da ke cikin kwamfuta shi suke zubawa. Mwayen 7 gaskiya ce, idon ɗan maƙwabcina ma gaskiya ne. Abin da nake cewa shi ne, a ƙasar da kusan kowane gida akwai namijin da ya tafi Abijan, Legas, Aljeriya ko Libiya da an gama girbi, wani ya dawo da damina wani ya yi shekaru, ba mamaki ba ne yara su manne wa labarin yaran da ubanninsu ba su nan. Mu manya ba mu yi musu wagga magana. In yaro ya ce yaushe Baba zai zo, sai mu ce ya kusa, tashi ka ɗebo ruwa. Wani can a Tokyo ya zauna ya zana abin da ke cikin ransu, mu kuma ƙarar takobi kawai muke jiyowa daga bakin ƙofa.

Maganar takobi kuwa, na nemo masa Kenshin, wanda na sani tun da. Samurai ne da ya kashe mutane ba adadi lokacin yaƙi, ya tuba, ya koma yawo da takobin da kaifinsa ke ta baya, don ko ya sara kada ya kashe. Na ce masa in dai sai an yi samurai a unguwar nan, to irin wanga za a yi, kuma duk wanda na sake gani da kara mai tsini ni da shi ne. Sun koma yi da kwali. Mun kuma yi sharaɗi: wayar tana kwana wurina daga Lahadi zuwa Alhamis, daren Juma'a da Asabar tasa ce, kuma duk abin da za a tura sai na gani. Bilten na biyu ya zo da 9 da ɗoriya. Bai kai ba tukuna.

Ana nan, wata rana ina share tsofaffin saƙonni a tawa wayar, sai na ci karo da vokal guda na uban yaron, wanda ya aiko mini satin da anka kawo shi. Na manta da shi sam. Sakan 41 ne. Gaisuwa ce, da ban gajiya, ana jin iska da ƙarar mota a bayansa, sannan ya ce ga amana nan, in ya yi ba daidai ba a hora shi, amma a riƙa jansa a jiki don yaro ne mai ajiye abu a ciki. A ƙarshe ya ambaci sunansa ya ce a gaishe shi.

Na tura wa yaron. Na tura wa matata, na tura wa ƙanena da ke Tawa, na sa anka zuba shi a kati biyu, ɗaya yana cikin akwatina tare da takardun gida.

Har yau da nake rubutun nan uban bai kira ba. Mun ba da sallahu wurin duk wanda munka ji zai hau ko ya sauko. In akwai mai karanta wanga daga Sabha ko Tirabulus da ya san mutanen wajen Garhanga, ya taimaka ya ce musu ana cigiya a gida.

Daren Asabar da ta wuce mun kai inda Sangoku ya ƙi dawowa bayan faɗan Cell. Yaron ya tsai da fim ɗin ya ce, "Kawu, kai da ka gani har ƙarshe, yana dawowa?" Na ce yana dawowa, amma da sauran epizod da yawa. Ya ce to, ya danna munka ci gaba.