Yini Guda A Kasuwar Ladipo: Salansa Mai Araha Ko Mai Tsada?

Sa'ad da na bar Kano ban yi niyyar shiga kasuwar Ladipo ba. Ɗaurin auren 'yar wani aminina ne ya kai ni Ikko, ni da maiɗakina da yaranmu biyu, cikin tsohuwar motata ƙirar Japan. Amma kana naka Allah na nasa. Abin da ya same mu a hanya shi ya sa na yi yini guda cur a tsakiyar ƙarafa da baƙin mai, kuma na ga ya kamata in ba ku labari, domin na san da yawa daga cikinku suna da mota, waɗanda ba su da ita kuwa suna shiga ta haya.

Mun kwana a Abuja, muka kama hanya da asuba. Mun haye gadar Murtala Muhammed da ke kan kogin Kwara lafiya lau. Da muka wuce Lakwaja sai na ji ƙarar motar ta sake, ta koma kamar injin niƙa. Na san salansa ce, amma na ce a raina ai ƙara ba ta hana tafiya, in mun isa a duba. Ana yayyafi, saboda haka muka rufe gilasai duka. Muna cikin hawa da gangara na duwatsun Okene sai babbar yarinyar ta ce kanta yana ciwo. Jim kaɗan ƙaramin ya yi amai, ya langaɓe kamar mai jin barci. Ni kaina na ji idona yana nauyi. Muka tsaya a wani ɗan asibiti a bakin hanya. Da ma'aikacin lafiya ya ji bayaninmu, sai ya tambaye ni ko motar tana zubar da hayaƙi ta ƙasa. Ya ce mu gode Allah da muka tsaya, domin alamun da ya gani na wanda ya shaƙi hayaƙin mota ne.

Gubar da ke cikin wannan hayaƙi sunanta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jinin mutum ya fi karɓarta a kan iskar numfashi fiye da sau 200. Takan fara da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sa'an nan barci, wanda in ba a yi sa'a ba ba a farkawa daga gare shi. Bayan yaran sun sha iska sun warware, wani mai walda ya liƙe mana wurin da ya fashe, muka ci gaba da tafiya gilasai a buɗe, ta Owo da Akure da Ibadan, har muka sauka Idi-Araba gidan mai masaukinmu bayan sallar isha'i.

Wajibi ne in faɗi laifina. Wata tara kafin wannan tafiya na sake bututun tsakiya da tukunyar baya, kuma da aka jera mini iri uku, na zaɓi wanda ya fi kowanne araha, ina murna na yi wayo. Da na gaya wa mai masaukina haka sai ya ce, "Malam, ai araha ba ta ado. Gobe in Allah ya kai mu sai Ladipo, ga ta nan kusa da mu."

Kasuwar tana cikin ƙaramar hukumar Mushin, daura da babban titin da ya taso daga Oshodi zuwa Apapa. Tana cikin manyan kasuwannin kayan mota na Afirka ta Yamma. Wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, to, ya san irin sana'ar, amma bai san girmanta ba sai ya zo nan. Kasuwanni ne da yawa suka haɗu wuri guda, kowane layi da abin da ya ƙware a kai. Nan injuna ne jibge kamar buhunan gyaɗa, can ƙofofi da fitilu, gaba kuma giya da ƙafafun mota. Har rabin mota za ka gani an yanko ta daga ƙasashen waje, da sitiyarinta da komai. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin don man inji, 'yan dako suna ratsa jama'a da inji a kan baro, masu neman ciniki kuwa tun daga bakin titi suke tare ka, wannan ya ce Alhaji, wancan ya ce Oga. Sau da yawa gwamnatin Jihar Legas ta rufe kasuwar saboda tsabtar muhalli, kamar yadda ta yi a 2013 da kuma 2023, ana gyarawa a sake buɗewa.

Yawancin 'yan kasuwar Ibo ne, kuma da yawansu sun fara ne da yi wa ubangida hidima shekara da shekaru kafin ya sallame su da jari. Kayan da suke sayarwa iri biyu ne. Akwai sababbi, na waje da na gida, akwai kuma waɗanda aka ciro daga tsofaffin motocin Turai da Amurka da Japan, ana shigo da su ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can. Su ne Yarabawa suke kira tokunbo, watau abin da ya zo daga ƙetaren teku, mu kuwa a Arewa mukan ce Beljiyam.

Mai masaukina ya haɗa ni da wani dattijon bakanike Bayarabe, wanda ya yi zaman Zariya yana saurayi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya sa aka ɗora motar a kan rami, ya kira ni in sauko in gani da idona. Ya nuna mini yadda hanyar hayaƙi take: daga bakin inji sai bututun gaba mai ɗan wuri kamar saƙa wanda yake lanƙwasa in inji ya girgiza, sai wata 'yar tukunya mai tace hayaƙi, sai bututun tsakiya, sai tukunyar baya wadda take kashe ƙara, ita ce ainihin salansa. Ya ce a zamanin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, bututu ne kawai da tukunya, kowane mai walda ya iya gyara. Motocin yanzu kuwa akwai na'ura a jikin bututun gaba wadda take auna iskar da ta rage cikin hayaƙi, ta gaya wa kwamfutar mota yawan man da za ta ba inji. In bututu ya huje kafin wannan na'ura, sai iskar waje ta ruɗe ta, mota ta riƙa shan mai fiye da kima. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan ba ƙaramar hasara ba ce.

Ya taɓa bututun da na saya da araha, yatsansa ya kusa shigewa. Ya ɓule daidai ƙarƙashin kujerar baya inda yaran suke zaune, ga kuma wata roba mai toshe rami a daɓen motar ta faɗi. Ta nan hayaƙin ya shigo mana. Sa'an nan ya ƙwanƙwasa tukunyar tace hayaƙi, ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, wani ya riga ya kwashe maka indomi." Haka kanikawa suke kiran abin da ke cikinta, domin yana da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma ko dunƙulen taliya. An shafe shi da ƙarafa masu daraja, watau filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ɓarayi suke nemansa. Aikinsa shi ne ya juyar da mafi yawan gubar nan zuwa iskar da ba ta kisa nan take. Da yana nan, da abin da yarana suka shaƙa bai kai haka ba. Ban san ranar da aka cire shi ba, ban kuma san hannun da ya cire ba.

Daga nan muka shiga layin masu salansa. Bututai ne rataye tun daga ƙasa har rufi kamar rake a kasuwar Kura. Mai shagon ya jera mana iri huɗu. Na farko baƙin ƙarfe ne sirara da aka fesa wa fenti mai ƙyalli, irin wanda na saya a da. Na biyu ƙarfe ne da aka lulluɓe da alminiyam, ya fi na farko jure tsatsa, amma in aka yi masa walda ko dutse ya karce shi, daga nan tsatsa take kama shi. Na uku da na huɗu duka sitenles ne, watau ƙarfe mai gauraye da kuromiyam, sai dai ba ɗaya suke ba. Akwai mai lamba 409, wanda kuromiyam ɗinsa wajen kashi 11 ne cikin 100, shi ne kamfanonin mota da yawa suke sawa tun daga masana'anta. Yakan yi ja a sama amma yana daɗewa bai huje ba. Akwai kuma mai lamba 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, shi ne sarkinsu a daɗewa da kuma tsada.

Dattijon ya zaro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu. Ya manna shi a ukun farko, ya kama gam. Da ya kai shi jikin na huɗu sai ya zame ya faɗi. Ya ce wannan ita ce shaidar 304, duk wanda ya ce ya sayar maka da shi alhali mayen ƙarfe yana kama shi da ƙarfi, to, ka riƙe kuɗinka. Sauran ukun kuwa sai a duba nauyi da kauri da kyan walda, domin fenti ba ya faɗin gaskiya.

Na tambaye shi, "Baba, ashe ke nan mai tsadar nan shi ne daidai ga kowa?" Ya ce a'a, ya kuma kawo dalilin da ban taɓa ji ba. Salansa daga ciki take ruɓewa. Duk lita guda ta fetur da inji ya ƙona tana haifar da ruwa kusan lita guda, wanda yake fita a matsayin tururi. In mota ta yi doguwar tafiya bututu ya yi zafi sosai, ruwan duk yakan ƙafe. In kuwa gajeriyar tafiya ce, daga gida zuwa ofis ko makarantar yara, sai tururin ya koma ruwa ya kwanta cikin tukunya, ya haɗu da ƙibiritun da ke cikin mai ya zama ruwa mai cin ƙarfe. A Ikko ga cunkoson motoci, ga iskar teku mai gishiri, ga ambaliya da damina, saboda haka ƙarfe mai araha ba ya kai ko'ina. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri kuwa, inda rani ya fi damina tsawo, abin da ya fi kashe salansa shi ne ramukan hanya da tudun rage gudu. Dutse kuwa bai san 304 ba, yadda zai lotsa mai araha haka zai lotsa mai tsada.

Ya ƙara da cewa ba kowace tsada ce ta inganci ba. Ya nuna mini waɗansu masu faffaɗan baki suna walƙiya kamar madubi, waɗanda samari suke saye don motarsu ta riƙa ruri. Ya ce an yi su ne don motocin tsere. A ƙaramar motar iyali ba abin da za su ƙara maka sai ƙara da ƙiyayyar maƙwabta.

Game da tokunbo kuma, ya ce sau da yawa na asali wanda ya yi aiki a waje ya fi sabon jabu, amma sai an yi hattara. Wanda ya fito daga ƙasashe masu ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, yakan zo da tsatsa a gaɓoɓinsa. A ɗaga shi a girgiza. In an ji abu yana kaɗawa a ciki, to, hanjinsa ya zube. Tukunyar tace hayaƙi kuwa a haska ta da tocila, a tabbata saƙar tana nan ba ta farfashe ba.

Bayan mun yi ciniki mai tsawo, ga abin da na yi. Na sayi tukunyar tace hayaƙi ta asali, tokunbo, wadda muka haska muka ga cikinta lafiya, ita ce ta fi cin kuɗi. Bututun tsakiya da tukunyar baya na ɗauki na 409, na bar 304 ga mai masaukina da ire-irensa mazauna bakin teku. Aka sa sababbin robobin rataya da sabon gaskit, aka toshe ramin daɓe. Da aka gama, dattijon ya tayar da mota, ya toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, yana bin bututun da kunne da hannu ko zai ji iska tana fita ta wani wuri. Bai ji ba. Abin da na kashe ya kusa ninka abin da na biya a da sau uku, kuma ina tsaye a kai har aka ɗaure ƙusa ta ƙarshe.

Saboda haka shawarata ga mai mota ita ce, kafin ya tambayi kuɗi ya tambayi kansa abu uku: a wane gari motar take kwana, wace irin tafiya take yi, kuma shekara nawa yake so ya riƙe ta? Mai niyyar sayar da mota baɗi ba shi da bukatar 304. Mai zama Ikko ko Fatakwal ko Kalaba wanda zai riƙe ta shekaru, in ya sayi baƙin ƙarfe zai saya sau biyu ko sau uku, ga kuɗin aiki kowane karo. Iya kuɗinka iya shagalinka, wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da ba a neman rangwame a kansa, shi ne bututun da yake yoyo a ƙarƙashin mutane. Direbobinmu na haya masu bin dogayen hanyoyi da dare, gilasai a rufe saboda sanyin hunturu, su ya fi kamata su kula. Fasinja ma in ya ji ƙarar mota ta yi yawa, ga ciwon kai ya kama shi haka kawai, ya yi magana a tsaya, kada ya ji kunya.

Mun bar Ikko ranar Lahadi bayan ɗaurin aure. Da muka iso duwatsun Okene na waiwaya na ga yaran suna barci, sai gabana ya faɗi, na sa uwarsu ta tashe su. Suka farka suna ƙunƙuni, ƙaramin yana tambaya ko mun iso gida. Barcin gajiya ne kawai. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu a kan hanyoyinmu, amin.