Mahaɗar Crenshaw da Slauson: Inda Nipsey Ya Faro Daga But ɗin Mota

Mai karatu, idan aka ce Los Angeles, na san Holiwud ce za ta fara faɗo maka a rai. To wannan karon ba can za mu ba. Kudancin birnin muka nufa, unguwar baƙar fata da ake kira Crenshaw, yankin da darakta John Singleton ya nuna wa duniya a fim ɗinsa Boyz n the Hood a 1991. Duk wanda ya kalli fim ɗin ya san wajen: faffaɗan tituna, ƙananan gidaje marasa bene, dogayen itatuwa masu kama da giginya, ga kuma 'yan daba.

Tun 2022 jirgin ƙasa na cikin gari yana bin titin Crenshaw. Ka sauka a tashar Hyde Park, ka ɗan taka kaɗan, ga ka a inda titin ya haɗu da na Slauson. Abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne zanen wani dogon saurayi mai gemu da kitso a jikin bangaye. Shi ne marigayi Nipsey Hussle, mawaƙin hip hop, kuma hukumar birnin ta raɗa wa mahaɗar sunansa a 2019.

Sunansa na yanka Ermias Asghedom, an haife shi a 1985. Mahaifinsa ɗan Iritiriya ne, mahaifiyarsa Ba'amurkiya baƙar fata. Tun yana yaro ya shiga dabar unguwarsu, Rollin' 60s, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. A 2004 mahaifin ya kai shi Iritiriya shi da yayansa, suka yi wata 3. Ya sha faɗa a hirarraki cewa tafiyar nan ce ta sauya masa tunani, domin ya ga ƙasar da masu irin fatarsa ne ke riƙe da komai nasu.

A gefen Slauson akwai 'yan shaguna a jere da filin ajiye motoci a gabansu. A wannan filin gogan naka ya riƙa buɗe but ɗin mota yana sayar da faifansa hannu da hannu. Na farkon ma sunan titin ya sa masa, Slauson Boy, a 2005. Babu kamfani, babu dillali, shi ne mawaƙi shi ne ɗan kasuwa.

A 2008 sai ga babban kamfanin Epic ya ɗauke shi. Samarin unguwa suka ce shi ke nan, kaka ta yanke saƙa. Ina! Kundin da aka yi ta alƙawarin fitarwa haka ya yi ta zama a kanta. A 2010 suka rabu, ya dawo unguwa ya kafa nasa kamfanin, All Money In, ya saki faifan The Marathon. Ma'anar sunan ita ce gudun dogon zango, wanda sai mai haƙuri ke kai ƙarshensa.

Abin da ya girgiza masana'antar ya faru ne a Oktoban 2013. Ya fitar da faifai mai suna Crenshaw, ya bar kowa ya sauke shi kyauta a intanet, sannan ya buga kwafi 1,000 kacal ya sa wa kowanne dala 100. Mutane suka ce yaron nan ya zautu, wa zai sayi abin da ake samu a banza? Ai kuwa kafin kwana guda an wawashe su tas, Jay-Z shi kaɗai ya kwashi 100. Ka buga lissafi: dala 100,000, kuma babu kamfanin da zai ce a raba da shi. Dabararsa ita ce, masoyi na gaskiya guda ɗaya da zai sa hannu a aljihu ya fi dubun masu tafi.

Da kuɗi suka shigo bai gudu unguwar masu hali ba. A 2017 ya buɗe shagon tufafi, The Marathon Clothing, a cikin waɗancan shaguna da yake talla a gabansu. A 2018 ya buɗe Vector 90, cibiyar da matasan unguwa za su koyi kimiyya da harkar kwamfuta. A shekarar ce ya saki Victory Lap, kundinsa na farko, wanda ya fara shiga jadawalin Billboard a matsayi na 4. Ya haɗa gwiwa da kamfanin Atlantic, amma a wannan karon shi ne mai sharaɗi: mastar waƙoƙinsa tana hannunsa. Ku da kuka san yadda mawaƙin fim ke sayar wa furodusa waƙa a biya shi sau ɗaya, waƙar ta yi ta kawo kuɗi shi ko sisi, kun san nauyin wannan magana. A farkon 2019 shi da abokin kasuwancinsa suka saye jerin shagunan gaba ɗaya.

Kash! Ranar 31 ga Maris, 2019, a ƙofar wannan shago nasa, da rana tsaka, wani ɗan unguwar da ya san shi ya bindige shi. Shekarunsa 33. Mutum kusan 20,000 suka cika zauren Staples Center wajen bankwana da shi, aka zaga da gawarsa mil 25 cikin birnin, aka bi da ita ta gaban shagon. A 2020 aka ba shi kyautar Grammy guda 2 yana kabari, a 2023 kuma kotu ta yanke wa wanda ya kashe shi ɗaurin aƙalla shekara 60.

An rufe shagon bayan kisan, an kewaye filin da shinge, amma baƙi daga ƙasashe ba su daina zuwa ɗaukar hoto ba. Idan Allah ya kai ka, ka je da rana, ka gaisa da mutanen unguwa, kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa. Wajen makoki ne a wurinsu, ba filin shutin ba.

Wasu na cewa da ya bar unguwar da yanzu yana raye. Wasu na cewa da ya bar ta, da ba wanda zai zana fuskarsa a bango. Ku fa, masu karatu, me kuka gani? Amma abu ɗaya ba gardama a kansa: waƙoƙin da ya ƙi sayar da mastarsu, iyalinsa ne suka gaje su. Kai da ke yawo da waƙarka a aljihu kana neman mai saye, ka tambayi kanka tukuna: bayan an biya ka, ta waye?