Cadawa: aya, yashi da tsofaffin kat-kat

Matafiyin da ya bar Maraɗi ya nufi Damagaram bisa babbar hanya mai lamba 1, bayan tafiyar kilomita kusan 40 zai iske garin Cadawa, cikin gundumar Agye. A nan hanyar Mayahi ta rabu ta miƙe arewa, ita kuwa babbar hanya ta zarce gabas zuwa Agye, Gazawa da Tasawa. Gari ne na manoma da fatake. Ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa, amma abin da ya fitar da sunan Cadawa waje shi ne aya, ƙarama da babba.

Idan damina ta ɗauke, ganyen aya ya bushe, sai a cinna masa wuta, a tone ƙasa, a yi ta tankaɗe da rariya cikin ƙura har a tara buhuna. Daga kasuwar Cadawa manyan motoci ke kwasar su. Wasu su tsallaka Najeriya inda ake kunun aya, wasu su kai har Ispaniya, inda mutanen Balansiya ke yin wani farin abin sha da ita. Sai dai tsakanin gona da kwalta akwai yashi, kuma babbar mota ba ta shiga yashi da son ranta. Yawancin wannan aiki amalanken shanu da na jakai ke yin sa. Wanda ke gaggawa, ko wanda ƙauyen da ya sayi kaya ya yi nisa, shi ke neman kat-kat.

Waɗannan motoci ba jiya aka ƙera su ba. Akwai Land Rover tsohuwar yayi, akwai Toyota Land Cruiser samfurin 60 da aka fara ƙerawa a 1980, da samfurin 75 mai buɗaɗɗen baya, da samfurin 80 na shekarun 1990 zuwa 1997. Wasu sun yi wa ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin raya karkara aiki har suka gaji, aka yi gwanjon su. Wasu kwance aka sauke su a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta ƙara nisa da hannun ɗan kasuwa matsakaici da ma'aikacin da ke jiran albashi, sai kowa ya rungumi tsohuwa ya ci gaba da lallashinta.

A ƙasar nan ba a cika jan rimok ba kamar yadda ake yi a Turai. An fi labta wa mota kaya a baya da bisa rufi, mutane su hau kan kayan. Duk da haka, daga Gazawa a gabas har Gidan Rumji a yammacin Maraɗi, mutum kan gamu da kat-kat tana jaye da ƴar rimok da maƙeri ya haɗa da aksul ɗin wata matacciyar mota, ɗauke da buhuna, ko tankin ruwa, ko injin sussuka. Lissafin kuwa a fili yake: buhu 20 masu kilo 100 tan 2 ke nan, kusan nauyin motar kanta. Da zarar ƙafa ta nutse a yashi, ko an zo hawan tudu, sai mota ta yi ta nishi, direba ya yi ta sauke giya. Washegari mai ita ya tsaya gareji da magana guda: a ƙara mata ƙarfi.

Hanya uku ake bi, kuma ba kuɗinsu ɗaya ba. Ta farko, mafi arha, ita ce a buɗe famfon gazuwal don inji ya ƙara shan mai. Mota takan ɗan ji ƙarfi, amma iskar da ke shiga injin ba ta ƙaru ba, don haka rarar man ba ta ƙonewa sarai. Ita ce ke fita baƙin hayaƙi, ita ce kuma ke ƙara zafi cikin inji. Mai mota ya biya kuɗin man da ya watsar a iska, ya kuma rage wa injinsa kwana.

Ta biyu ita ce a ɗaura wa injin turbo, wato wata ƴar fanka da hayaƙin inji ke juyawa, tana cusa ƙarin iska ciki. Injin da aka fi yi wa haka shi ne 1HZ na Toyota, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda ya fito a 1990 da ƙarfin doki kimanin 130. A shekarar nan kamfanin ya fitar da ɗan'uwansa 1HD-T, wanda aka haifa da turbo, mai ƙarfin doki kimanin 165. Girmansu ɗaya, amma cikinsu ya bambanta: na biyun an ƙera masa fistan da kan inji na daban, an kuma sassauta yadda yake matse iska, don ya jure wutar da turbo ke kawowa. Shi 1HZ yana matse iska fiye da ninki 22, shi kuwa 1HD-T bai kai ninki 19 ba. A Ostiraliya, inda aka daɗe ana ɗaura wa 1HZ turbo, masu sanin aikin kan bar matsin iskar kaɗan, su sa agogon auna zafin hayaƙi gaban direba don ya san lokacin ɗaga ƙafa. Wanda ya ɗaura turbo kwance bisa injin da ya riga ya gaji, babu agogo, ya shiga yashi da tan 2 a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, yana iya dawowa da fistan a fashe.

Ta uku ita ce a sauke injin gaba ɗaya a sa wanda ya fi shi. Masu tsohuwar Land Rover mai injin gazuwal na lita 2.25, wanda ƙarfinsa bai wuce doki 60 da ƴan kai ba, kan yi sha'awar injin 200Tdi na 1989 da ya haura doki 100. Wannan hanya ta fi aminci idan an sami inji mai lafiya, amma ta fi cin kuɗi, kuma akwatin giya da sauran ƙarafan da ke kai ƙarfi ga ƙafafu ba su san an yi sabon baƙo ba. Abin da ya fi rauni cikinsu shi ke fara karyewa.

Tsofaffin makanikai ba sa fara taɓa inji. Sukan fara da radiyata, wadda Kanawa ke kira lagireto: a wanke ta, a duba fanka da famfon ruwa, domin mota mai jan kaya a yashi tana tafiya a hankali, iska ba ta buga mata sosai. Sai matatar iska, wadda ƙurar aya da ta hunturu ke toshewa cikin kwana kaɗan. Sai ambiriyaj, wato kuloci, wanda shi ke ƙonewa idan direba na fizgar kaya daga tsaye. Sau da yawa, idan aka gyara waɗannan, aka daidaita famfo yadda kamfani ya tsara, ƙarfin da ake nema a saya sai a tarar dama yana nan, tsufa da datti ne suka rufe shi.

Akwai kuma ƙarfin da ba daga inji yake fitowa ba. Ƙaramar giyar kat-kat tana ninka ƙarfin ja sau biyu ko fiye, kuma don irin wannan ƙasa aka yi ta. Rage iskar taya kafin shiga yashi yana faɗaɗa tafin ƙafar mota, sai dai a mayar da iskar da zarar an hau kwalta. Manyan tayoyin da samari ke so don ado suna rage ƙarfi: idan tsayin taya ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin ja ya ragu da kusan haka. Canja haƙoran aksul daga 4.11 zuwa 4.88 kuwa yana ƙara shi da kusan kashi 19, ba tare da an ƙara wa inji zafi ba. Abin da aka rasa shi ne gudu bisa kwalta.

Maganar da ta fi duka nauyi ita ce ta birki. Turbo na taimaka wa mota ta tashi da kaya, ba ya taimaka mata ta tsaya. A Faransa da sauran ƙasashen Turai doka ta wajabta wa duk rimok da ta wuce kilo 750 ta kasance da birkinta na kanta. Wadda maƙeri ya haɗa sau da yawa ba ta da shi, birkin mota kaɗai ke riƙe nauyin biyu. Ranar kasuwa a Cadawa hanya cike take da amalanke, babura, awaki da yara masu talla. Idan kuma aka jibge nauyi bayan aksul ɗin rimok maimakon gabansa, takan fara lilo da zarar an ɗauki gudu, har ta kaɗa motar da ke jan ta.

Ga kuma wuyar kayan gyara. Da yawansu daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano suke fitowa, su biyo Katsina, Jibiya da Ɗan Isa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, masu motoci sun ga yadda ƙaramin ƙarfe ke zaunar da mota. Injin da ya fashe a tsakiyar kakar aya ya cinye ribar shekara, wataƙila har da uwar kuɗi.

Don haka ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya zuba ajiyarsa cikin tsohuwar kat-kat, kafin ya tambayi kuɗin turbo ya kamata ya auna kuɗin sawu biyu da rabin kaya, ya gwada shi da kuɗin sabon inji. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma amalanken shanun da ake wucewa da safe ana yi masu ƙura, su ne ake aika yaro ya kira idan mota ta kwanta a daji. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya da kayansa.